Firinta Ɗaya, Kwamfuta Huɗu: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Fadaman Mada

A ƙarshen shekarar 2021, matar kawuna ta yi kusan mako shida tana shiga Keke Napep daga Fadaman Mada zuwa wajen kasuwar Wunti don a buga mata takardun makaranta, alhali kuwa a cikin gidanta akwai firinta mai lafiya, da tona a cikinta, ga kuma rim guda na takarda ko ledarsa ba a yage ba. Malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare, kuma abin ya faɗo daidai shirin jarrabawar ƙarshen zango, lokacin da malami ke buga tambayoyi, ya duba, ya gyara, ya sake bugawa kafin ya miƙa. Abin da ya hana ta cin moriyar na'urar da ke gidanta shi nake son in bi dalla-dalla, domin na ga irinsa a gidaje da ƙananan ofisoshi da dama a Bauchi, kuma kusan ko'ina ana ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Firintar tsohuwa ce, irin mai buga baƙi da fari da garin tona, wadda kawu ya saya ta hannu bayan ya yi ritaya. Ba ta da Wi-Fi, ba ta da ramin wayar intanet. Hanyarta ɗaya ce, kebul na USB. An jona ta da kwamfutar tebur da ke falo, mai ɗauke da Windows 10, inda kawu ke ajiye lissafin kwamitin masallacin unguwa da takardun fanshonsa. Daga wannan kwamfuta aka buɗe wa sauran na gidan ƙofa, ta cikin ƙaramar rautar da ke raba musu intanet, suna aiko da aikinsu daga ɗakunansu. Hajiya, wato matar kawun, tana da tsohuwar laftof mai Windows 7. Babban ɗan, wanda ya gama hidimar ƙasa yana neman aiki, tasa Windows 10 ce. Ƙaninsa ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Autarsu kuwa ba ta da kwamfuta sai wayar Android, don haka duk abin da take so a buga mata sai ta tura wa ɗaya daga cikin yayyenta ta WhatsApp. Haka aka zauna fiye da shekara biyu, ba wanda ya taɓa tambayar yadda abin yake tafiya.

Cikin watan Satumba abubuwa biyu suka faru a mako guda. Ƙanin ya goge Windows daga laftof ɗinsa ya sa Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, ya kuma kwashe dare biyu yana fama ya haɗa ta da firintar falo bai yi nasara ba. Bayan kwana uku Hajiya ta aika da takarda, shiru. Babban ya cire firintar daga jerin na'urorinta don ya sake haɗawa, sai allon ya nuna cewa haɗin ba zai yiwu ba, da wata lamba a ƙasa: 0x0000011b. Ya gwada tasa, ita ma haka. Duk wanda ke gidan zai yanke hukunci iri ɗaya: abu yana tafiya lafiya, an shigo da baƙo, abu ya lalace.

Hajiya ce ta ba ni labarin yadda aka yi a falo bayan sallar isha'i. Babban ya ce wa ƙaninsa, "Kai ka shigo mana da wannan abin naka, ka taɓa saitin kwamfutar Baba, yanzu ga shi ka jawo wa Umma." Ƙanin ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa komai a kanta ba. Da kowa a gidan nan Linux yake aiki da ita, da ba a ga wannan ba." Daga nan zancen ya bar firinta ya koma kan wace babbar manhaja ce ta fi wata. Ɗaya yana cewa tasa kyauta ce, ba ta cin data a ɓoye, ƙwayoyin cuta ba su cika damunta ba. Ɗayan yana cewa in dai haka ne, ya nuna masa shago guda a Wunti da ake yi wa mutane aiki da ita.

Da a nan aka tsaya, da abin ya zo da sauƙi, domin kwamfutar falo tana bugawa da kanta, kuma Hajiya na iya sa aikinta a fulash ta kai. Amma kowanne daga cikin samarin ya mai da gyaran hujjar da zai kafa wa ɗan'uwansa. Babban ya bi shawarwarin da ya gani a YouTube. Ya cire sabuntawar da ta shiga kwamfutar falo, abin ya yi aiki kwana biyu, sabuntawar ta dawo da kanta. Ya goge direban firintar, wato 'yar manhajar da ke fassara takarda zuwa yaren da na'urar ke ji, ya sauko da wani daga shafin da bai san asalinsa ba, sai ita kanta kwamfutar falo ta daina bugawa. Ƙanin ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ya ɗauke firintar cancak ya kai ɗakinsa ya jona da laftof ɗinsa. Ta buga shafi guda, ya kawo falo kowa ya gani. Washegari aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita firintar ta ƙi motsi. Ko da ma tana aiki, da sassafe yake rataya laftof ɗin ya tafi jami'a a Yelwa, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya. Tun daga ranar Hajiya ta daina tambayar kowa, ta fara zuwa Wunti.

Kawu ya kira ni a watan Nuwamba, saboda gyaran kwamfuta ne sana'ata. Maganarsa gajeruwa ce: "Ka zo ka duba min abin nan kafin yaran nan su daina gaisawa." Da yake su biyun taubasaina ne, ina iya gaya musu magana kai tsaye ba tare da ta zama faɗa ba, don haka na roƙe su kada wanda ya taɓa komai, kada kuma wanda ya yi min bayani sai na tambaya.

Na fara da tarihin sabuntawa na kowace kwamfuta, kuma a nan rabin amsar take. Kwamfutar falo ta karɓi sabuntawar tsaro a tsakiyar Satumba, a wani dare da aka bar ta a kunne. Laftof ɗin babban kuwa rabonta da sabuntawa ya haura shekara guda, domin shi ya toshe da gangan don kada ta cinye masa data, abin da mutane da yawa ke yi a nan, kuma idan aka dubi tsadar data ba zan yi gaggawar ganin laifinsu ba. Ta Hajiya ba ta ma da inda za ta samu, tunda kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu 2020.

A cikin Windows akwai wani sashe da aikinsa shi ne ya karɓi takardun da aka aiko, ya jera su a layi, ya riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2021 an yi ta gano ɓaraka a wannan sashe. Wadda ta fi suna ita ce wadda aka laƙaba wa PrintNightmare a tsakiyar shekarar, domin tana iya bai wa mai kutse cikakken iko da kwamfuta ta ƙofar buga takarda. Kamfanin ya yi ta fitar da gyara bi-da-bi. A watan Agusta aka kafa cewa sai mai ikon gudanar da kwamfuta ne zai iya ɗauko direban firinta daga wata kwamfutar. A watan Satumba kuma aka tilasta cewa kwamfutar da ke riƙe da firinta ba za ta saurari mai nema ba sai ya zo ta hanyar da aka ƙara wa tsaro. Kwamfutar da aka sabunta ta san sabon sharaɗin, wadda ba a sabunta ba kuwa tana ta buga ƙofa da tsohuwar sallama ba a amsawa. Lambar nan 0x0000011b ita ce alamar wannan ƙin amsa, kuma a wancan lokaci mutane a ƙasashe da yawa sun gan ta, har a ofisoshin da ba a taɓa kunna Linux a cikinsu ba. An yi zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a lokacin, wato a shiga rumbun saitin Windows a rubuta sifiri a gaban wani layi, sai sabon sharaɗin ya mutu. Tana aiki, kuma ba ta cin minti biyar. Ban yi ta ba, domin ma'anarta a sake buɗe ƙofar da aka rufe saboda dalili, a kan kwamfutar da ke ɗauke da lissafin kuɗin jama'a, a gidan da samarin maƙwabta da dama sun san kalmar sirrin rautarsa.

Na wanke ƙanin daga zargi a gaban mahaifinsa, amma shi ma da nasa rabon kuskuren. Firintar gidan tana cikin irin waɗanda aka rage wa ƙwaƙwalwa don farashinsu ya sauko. Manyan firintocin ofis suna jin yarukan bugu da aka sani ko'ina, irin su PostScript da PCL, don haka kusan kowace kwamfuta na iya magana da su. Irin ta kawu kuwa kwamfuta ce ke zana mata shafin ɗigo-ɗigo ta tura mata, har ma manhajar da ke tafiyar da cikinta ba a jikinta take zaune ba, sai kwamfuta ta ɗura mata duk lokacin da aka kunna ta. Direbanta na Windows yana yin haka ba tare da kowa ya lura ba. A Ubuntu kuwa sai an sauko da wani ƙarin fayil, an kuma saita shi ya riƙa shiga da kansa. Ƙanin ya ɗura da hannu sau ɗaya, ya buga, ya ɗauka an gama. Da wuta ta ɗauke, firintar ta manta komai. A garin da wuta kan tafi ta dawo sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Daren nan biyu da ya sha wahala tun farko ma, rashin wannan direban ne, haɗe da cewa kwamfutar falo tana neman suna da kalmar sirrin mai ita, shi kuma nasa yake ta shigarwa.

Sauran ƙanana ne, sai dai sun ƙara dagula lissafi. Rautar gidan tana raba wa na'urori adireshi bisa wanda ya riga zuwa, don haka duk lokacin da wuta ta dawo adireshin kwamfutar falo na iya sauyawa. Laftof ɗin babban kuma ta ɗauki layin gidan a matsayin na waje, irin na otal ko tashar jirgi, sai ta rufe ƙofofin rabawa.

A nan ya kamata in yi wa samarin adalci, domin musunsu ba shirme ba ne, kuma ya girme su duka. Wani abin lura shi ne firinta na cikin tushensa. A wajajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Stallman ya nemi asalin rubutun manhajar wata firinta ƙirar Xerox mai yawan cije takarda, don ya sa ta riƙa sanar da masu jira idan ta tsaya, aka hana shi. Wannan hanin na cikin abubuwan da suka tura shi ya kafa aikin GNU a 1983, na samar da manhajar da kowa zai iya ganin rubutunta ya gyara, wanda daga baya aka haɗa da Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Yaren da kwamfutocin Windows ke rabon fayil da firinta da shi kuma, wanda ake kira SMB, sai da Andrew Tridgell na Ostareliya ya riƙa sauraron zancen da ke wucewa a waya yana gano ƙa'idojinsa, daga nan manhajar Samba, mai sa Linux ta ji wannan yare, ta samo asali a 1992. A 2004 Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana wa abokan gasa bayanan da za su sa na'urorinsu su yi aiki tare da nasa, kuma rabon fayil da firinta na tsakiyar shari'ar. Sai a ƙarshen 2007 masu Samba suka samu takardun. Ƙanin ya san wani ɓangare na wannan tarihi, shi ya sa zancen ke taɓa masa zuciya.

Shi ma babban yana da gaskiyarsa, kuma ita ce ta fi kusa da rayuwar gidan. Mafi yawan kwamfutocin tebur da laftof a duniya Windows suke ɗauke da ita, saboda haka mai ƙera firinta mai arha ita yake fara rubuta wa direba, wani lokaci ma ita kaɗai. Mai neman aiki da za a ce ya cike takarda a Word, ko mai shagon da zai zana katin biki da CorelDRAW, ba tarihi ne gabansa ba. A ganina kuskuren su biyun ɗaya ne: sun tsaya kan wa ya fi, alhali tambayar da gidan ke bukata ita ce wace kwamfuta za ta riƙe firintar, tana nan kullum ko tana fita, kuma da wane yare za ta yi magana da sauran.

Gyaran ya fito daga saman kwabar Hajiya, inda wata tsohuwar laftof mai fasasshen allo ta yi shekaru tana shan ƙura. Ba za ta iya ɗaukar sabuwar Windows ba, amma batirinta na riƙe kusan rabin awa. Na sa mata Linux mara nauyi, na saita ta ta riƙa ɗura wa firintar manhajarta da zarar an kunna, na kafa mata adireshi guda a rauta wanda ba ya sauyawa, sannan na ajiye ta a ƙarƙashin teburin falo ba ta da wani aiki sai wannan. Amfanin batirin shi ne idan wuta ta ɗauke ba ta mutuwa farat ɗaya, takardun da ke layi suna nan har wuta ta dawo. Ita firintar kanta na hana a jona ta da ƙaramar inbatar gidan, domin sashen da ke gasa tona a jikin takarda yana jan wuta sosai lokacin da yake ɗaukar zafi.

Da babban ya ga abin da na yi sai ya ce, "Wato dai ka ba shi gaskiya ke nan." Na ce masa ya zauna ya ga ta inda aikin ke bi. Manhajar da ke kula da layin bugu a wannan laftof sunanta CUPS. Michael Sweet ne ya fitar da ita a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, kuma da ita kwamfutocin Mac ke bugu. Yaren da take rabon firinta da shi ana kiransa IPP, ƙa'ida ce a buɗe da kamfanoni da yawa suka amince da ita, tana bi ta ƙofa mai lamba 631. A kanta AirPrint na wayoyin iPhone ya ginu a 2010, ita ce kuma ginshiƙin tsarin Mopria da masu ƙera firinta suka kafa a 2013, wanda wayoyin Android ke amfani da shi. Windows ta daɗe tana jin wannan yare. Na rubuta adireshin a laftof ɗinsa, ta karɓa nan take. Ta Hajiya sai da na kunna mata wani sashe da ke kashe, wayar autar kuwa da kanta ta gano firintar. Da kuɗi sun samu, sabuwar firinta mai Wi-Fi za ta yi wannan aikin ba tare da kowace laftof a tsakani ba. Kusan shekara biyu bayan haka, a watan Satumba na 2023, shi kansa Microsoft ya sanar cewa zai janye sannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni daban-daban ya karkata ga wannan hanya.

Gwajin farko takardar jarrabawar Hajiya ce ta aji biyu na babbar sakandare. Ta tsaya a kan firintar da tabarau a hannu, takarda ta fito da ɗuminta, ta kara ta da hasken taga ta bi da yatsa har ƙasa. Sai ta ce, "Ina ƙarshen tambaya ta goma?" Layin ƙarshe babu shi. Saitin ya zo a kan girman takardar Amurka da ake kira Letter, mai tsawon milimita 279, alhali A4 da muke saye a nan tsawonta 297 ne. Milimita 18 ɗin nan su suka cinye layin. Na gyara. Ƙanin ya ce bari shi ma ya buga takardar daga tasa a kwatanta, sai ga karin maganar da ta ba ɗalibai su ƙarasa, "ƙwarya ta bi ƙwarya", ta fito da wasu alamomi a gurbin kowane ƙ, haka ma ɗ da ɓ a sauran shafin. Babban ya buɗe baki zai yi magana, kawu ya ɗaga masa hannu. Dalilin shi ne Hajiya tana rubutu da wani tsohon salon haruffa na Hausa da aka sa mata tun da daɗewa, wanda ya ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi na allon rubutu. Duk kwamfutar da ba ta da wannan salon, ko wace manhaja take ɗauke da ita, alamomin asali za ta nuna. A nan ne Hajiya ta ce ashe shi ya sa a shagon Wunti take zama tana bin kowane shafi da biro tana yi wa haruffa ƙugiya. Na nuna mata yadda za ta mai da aikinta PDF kafin ta ba kowa, don haruffan su tafi a cikin fayil ɗin, na kuma sa mata allon rubutun Hausa na tsarin Unicode don sababbin takardu.

Kawu ya raba aikin da kansa. Babban zai kula da sabunta kwamfutocin Windows sau ɗaya a wata, kuɗin datar daga aljihun kawu. Ƙanin zai kula da laftof ɗin ƙarƙashin tebur, da sharaɗin ba zai yi gwaji a kanta ba. Laftof ɗin Hajiya kuwa na ba da shawara a bar ta tana bugu kawai, a daina shiga banki ko buɗe saƙonni da ita. Akwai abin da ban iya gyarawa ba: sabon tsarin ba ya nuna yawan tonar da ta rage, sai bugu ya fara dusashewa ake ganewa, a ciro kwalin a girgiza shi ya ƙara 'yan kwanaki.

Tun daga lokacin sau ɗaya na canza batirin tsohuwar laftof ɗin, sau biyu kuma na hure mata ƙurar hunturu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 tallafin Windows 10 ya ƙare, kuma kwamfutar falo ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke bukata. Babban, wanda yanzu yake aiki a Gombe, yana ganin a sayi wata; ƙanin ya ce a bar masa ita kwana ɗaya ya sa mata Linux. Kawu ya ce in zo bayan sallar Juma'a mu fara kwafe lissafin masallacin zuwa wani wuri, kafin ya yanke shawara.